Tsirkiya ɗaya na ruri, ɗaya na raɗa: fashin baƙi kan rashin daidaiton ƙara a jitar bes

Duk wanda ya daɗe yana kaɗa jitar bes mai lantarki ya san wannan damuwar. Ka taɓa tsirkiyar E, kakkaurar nan ta sama, ɗaki ya ɗauka har gilashin taga na karkarwa. Ka sauko kan G, siririyar ƙasa, sai ka ji kamar wani ya rage maka ƙara a ɓoye. Wani kuma tasa matsalar akasin haka ce, ko kuwa na tsakiyan nan biyu, A da D, su ne suka noƙe. A wajen mai bes abin ba ƙarami ba ne, domin aikinsa a cikin kiɗa shi ne ya riƙe ƙasa, layin da yake bi ya tafi sumul. Idan wasu muryoyi na tsalle wasu na nutsewa, mai ganga zai ji, mawaƙi zai ji, mai haɗa sauti kuma zai wuni yana jan ƙararka sama da ƙasa bai sami inda zai ajiye ta ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake saurin zura hannu a aljihu. Da an ji tsirkiya ta yi rauni sai a ce a sayi sabon fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ko a sayi kwamfiresa, na'urar da ke danne ƙarar da ta yi yawa, wani ma har ya sayar da jitar da ba ta da laifin komai. Alhali wannan ciwo yana iya fitowa daga hannun makaɗin, ko daga jikin jitar, ko daga amfilifaya da sifika, ko daga ɗakin da ake kiɗan, kuma duk alamarsu ɗaya ce a kunne. Saboda haka kafin ka taɓa ko sukuru ɗaya, akwai tambayar da ya kamata ka amsa: shin matsalar tana bin tsirkiya ne, ko tana bin murya?

Jitar bes ta sauƙaƙa amsa wannan, domin murya ɗaya tana zaune a wurare da dama a kan wuyanta, tsakanin ƙarafan nan da aka gitta masa da ake kira firet. Muryar D da ke firet na 5 a tsirkiyar A ita ce dai ke firet na 10 a tsirkiyar E. Muryar G tana firet na 5 a D, na 10 a A, na 15 a E. Muryar C da ke firet na 5 a tsirkiyar G kuma za ka same ta a na 10 a D da na 15 a A. Ka kaɗa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa ɗaya, da ƙarfi ɗaya, a wuri ɗaya. Dole za ka ji ɗan bambancin launi, don kakkaurar tsirkiya ta fi cika da duhu, wannan halitta ce. Babban bambancin ƙara muke nema. Idan murya guda ta yi ruri a duk inda ka kaɗa ta, to jitar ba ta da laifi, ka dubi ɗaki da sifika. Idan duk muryoyin tsirkiya guda sun yi ƙasa daga farkon wuya har ƙarshensa, laifin na tsirkiyar ne ko na fikof ko na saiti. Idan kuwa murya ɗaya ce tak a firet ɗaya tak take mutuwa, wannan wani labari ne daban, za mu zo kansa.

Mu fara da ɗaki, don shi ne aka fi mantawa da shi. Tsirkiyar E a sake tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, A sau 55, D kusan sau 73, G sau 98. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, saboda haka tsawon igiyar sautin E ya haura mita 8, wato ya fi yawancin ɗakuna tsawo. Idan igiya irin wannan ta bugi bango ta dawo, sai ta haɗu da mai fitowa, a wani wuri su taru su ninka, a wani wuri su kashe juna. Ɗakin da ke da mita 4 tsakanin bango da bango yana amsawa a kusa da sau 43 a daƙiƙa, daidai tsakanin E da F. Mai mita 3 yana amsawa a kusa da 57, gab da A. Shi ya sa za ka ji jita ɗaya, amfilifaya ɗaya, a wannan ɗakin E ce ke cika kunne, a wancan kuma A. Gwajin ba shi da wuya. Ka kaɗa muryar da ke rurin, ka taka zuwa tsakiyar ɗakin, ka koma kusa da bango. Idan ƙarar na sauyawa da tafiyarka, ka kama ɓarawon. Ka janye sifikar daga kusurwa, don kusurwa tana kumbura ƙananan muryoyi, ka ɗaga ta daga ƙasa idan dandamalin katako ne mai rami a ciki. Wanda yake son ya cire ɗaki daga lissafi gaba ɗaya sai ya saurari jitar ta abin sawa a kunne mai kyau.

Kunnen kansa ma ba ma'auni ba ne mai adalci. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙananan muryoyi da ƙarfin da yake jin na tsakiya, kuma gibin yana ƙaruwa idan ƙarar ta yi ƙasa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan ka saita jitarka da daddare a ƙaramar ƙara don kada ka tashi mutane, za ka ɗaga ɓangaren E fiye da kima, ranar da aka buɗe ƙara a dandamali kuma ta danne kowa. Ka yi saiti a irin ƙarar da kake kiɗa da ita. Ƙananan sifikoki kuwa da yawansu ba sa iya fitar da 41 ɗin nan yadda ya kamata, abin da kake ji shi ne 'ya'yan muryar da ke sama da ita, 82 da 123, don haka E da ta yi rauni a ƙaramar amfilifayar gwaji tana iya zama lafiyarta ƙalau.

Sai maɓallan ikwalaiza, wato masu ƙara ko rage muryoyin ƙasa da na tsakiya da na sama. Akwai ɗabi'ar nan ta murɗa na ƙananan muryoyi sama, a rage na tsakiya, a ɗan ɗaga na sama. Idan kana kai kaɗai yana da daɗin ji, amma shi ne kan gaba wajen haifar da E mai ruri da G mai raɗa, domin maɓallin ƙasa yana ƙara wa yankin da E da A suke zaune, jikin D da G kuwa yana cikin tsakiyar da ka yanke. Ka mayar da komai tsaka-tsaki, a amfilifaya da kuma a jikin jitar idan mai batir ce, ka sake saurare. Sau da yawa rabin matsalar a nan take ƙarewa. Batirin nan mai bolt 9 ma ka duba shi, don idan ya yi sanyi sauti kan dusashe ya riƙa tsagewa, kuma a kakkauran tsirkiyoyi ake fara jin haka.

Yanzu mu zo kan fikof, inda mafi yawan gyaran yake. Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa a cikin filin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Abu biyu ke yanke yawan lantarkin: yawan ƙarfen da ke motsi, da kusancinsa da maganaɗisun. E ta ninka G kauri fiye da sau biyu, kuma tana lilo da faɗi, don haka idan tazararsu da fikof ɗaya ce, E za ta fi ƙara. Ƙarfin maganaɗisu kuma yana raguwa da sauri idan aka yi nisa, har milimita ɗaya ma kunne na jin ta. Wannan ne dalilin da ya sa fikof ɗin da aka saita daidai yake a karkace, ya yi ƙasa a ɓangaren E, ya ɗago a ɓangaren G. Wanda ya ga haka ya ce a miƙe shi don ya yi kyan gani, ya ɓata saitin da hannunsa.

Ga yadda ake aunawa. Ka danna tsirkiya a firet na ƙarshe, ka ɗora ƙaramar rula a kan maganaɗisun, ka karanta tazarar da ke tsakaninsa da ƙasan tsirkiyar. Kamfanin Fender yana ba da shawarar kimanin milimita 2.8 a ɓangaren E da milimita 2 a ɓangaren G ga fikof ɗinsa na yau da kullum, na tsohon salo kuma 3.2 da 2.4. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, daga nan kunne ke karɓar aiki. Shawarata ita ce ka fara da sauke ɓangaren da ya yi ƙara, kafin ka ɗaga wanda ya yi rauni. Rabin juyi na sukuru, ka kaɗa, ka saurara, sannan ka ƙara. A irin jitocin da aka ɗaure fikof kai tsaye a katako, ɗaure sukuru yana sauke shi, sassautawa kuma yana barin soson da ke ƙarƙashi ya turo shi sama. Idan ka sassauta amma fikof ɗin ya ƙi tasowa, sai dai sukurun ya fito shi kaɗai, soson ne ya mutu. Yakan faru a tsofaffin jitoci, ya laɓe ya zama kamar fata. A cire shi a sa sabo, ko a sa ƙananan sifirin a jikin sukurorin.

Dalilin da ya sa na ce a fara da saukewa shi ne, kusanci fiye da kima yana da nasa sharrin. Maganaɗisu yana jan tsirkiya, kuma idan ya matso sosai sai ya hana ta lilo yadda take so. Muryar ta gajarta, ta riƙa rawa kamar muryoyi biyu ne ke faɗa, musamman a manyan firet na E, allurar na'urar saita murya ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci ma tsirkiyar ta bugi maganaɗisun ka ji ƙas a sifika. Ƙarar da ka rasa wajen sauke fikof amfilifaya za ta mayar maka da ita, amma muryar da maganaɗisu ya shaƙe babu maɓallin da zai dawo da ita.

Matsalar A da D kuwa daga siffar wuyan take. Fuskar wuyan jita a ɗan gantsare take, tsofaffin Fender sun fi gantsarewa, ma'auninsu inci 7.25, na zamani kuma galibi 9.5. Tsirkiyoyi suna bin wannan gantsarwar, don haka na tsakiya biyu sun fi na gefe tsayi. Fikof irin na jitar Jazz Bass ta Fender, wadda ta fito a 1960, dogo ne ɗaya a miƙe, maganaɗisunsa a jere a layi ɗaya, saboda haka A da D suna nesa da shi fiye da E da G. Precision Bass, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, ta sami fikof mai rabi biyu a 1957, rabi na ɗaukar E da A, rabi na ɗaukar D da G, kowane rabi da sukuransa biyu. Wannan ya ba ka damar karkata kowanne ya bi gantsarwar, su haɗu su yi kamar rufin tanti. Mutane da yawa suna riƙe da irin wannan jitar shekaru ba su san an yi sukuran nan huɗu don haka ba ne. A fikof miƙaƙƙe kuwa dabarar ita ce a ɗan sauke sirdin A da D a kan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, gwargwadon yadda ba za su yi zuzu a firet ba, ko a nemi fikof mai maganaɗisun da ake murɗawa ɗaya-ɗaya, irin na kamfanin DiMarzio ko G&L.

A nan akwai gargaɗin da nake so a riƙe da kyau. Idan maganaɗisun fikof ɗinka sanduna ne lafiyayyu marasa ramin sukuru, kada ka tura su sama ko ƙasa da ƙarfi. A fikof na tsohon salo, wayar a jikin sandunan aka naɗe ta kai tsaye, kuma ta fi gashin kai siranta. Sanda ta motsa, waya ta tsinke a can ciki, fikof ya mutu, sai dai a sake naɗi.

Kuma kada a fara da fikof idan sauran saitin bai zauna ba. Lanƙwasar wuya ce farko, sai tsayin tsirkiyoyi a kan jaki, fikof ne na ƙarshe, domin duk abin da ya motsa tsirkiya ya sauya tazararta da maganaɗisu. Sirdi ɗaya da sukurunsa ya kwance ya sauka ya isa ya sa tsirkiyarsa ta fi sauran ƙara. Ka kuma tsaya gaban jitar ka duba ko kowace tsirkiya ta ratsa ta inda ya dace, wato tsakanin sandunanta biyu a irin na Fender. Idan duk sun zame gefe guda, mai yiwuwa wuyan ne ya ɗan goce a mazauninsa, kuma mai gyara zai mayar da shi cikin 'yan mintuna. Jita mai fikof biyu kuma, a saita kowanne shi kaɗai tukuna, sannan a buɗe su tare.

Tsirkiyoyin kansu fa? Ka zare waya, ka kaɗa jitar a bushe, ka ɗora kunnenka a jikin katakon. Idan tsirkiya ta yi dum a nan ma, ba ruwan lantarki. Gumi da dattin hannu suna shiga tsakanin naɗin tsirkiya su kashe ta a hankali, kuma ba tare suke mutuwa ba, wadda ka fi taɓawa ita ke riga. Wanda tsirkiya ɗaya ta tsinke masa ya sa sabuwa a cikin tsofaffi uku, ya san abin da zai ji. Sabuwa ma takan zo a mace daga kwali, ko a kashe ta wajen ɗaurawa, idan aka naɗa ta da hannu a kan maɗauri har cikinta ya murɗe. Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke gyara da yawa. Bayan ka ɗaura sabuwar tsirkiya, ka danna ta da babban yatsa daidai gaban sirdi don ta karye ta kwanta sosai, musamman E, da B a jita mai tsirkiya biyar, masu taurin kai. Sannan a kan jita irin ta Fender, ɗan faifan nan da ke danne tsirkiyoyi D da G kaɗai yake riƙewa, A ba ta da mai danne ta, don haka kada ka yanke ta gajere. Ka bar mata tsawon da za ta zagaya maɗauri sau uku tana gangarowa ƙasa, don ta zauna daram a raminta. Game da kauri, jerin da aka fi sani shi ne 45, 65, 85, 105, kuma a irin waɗannan jeri D takan fi ɗaurewa, E ta fi sakwarkwacewa, abin da ke sa yatsa ya ja su daban ba tare da ka lura ba. Akwai jerin da aka yi musamman don ɗaurinsu ya zo kusa da juna. Tsirkiya ta biyar, B, mai karkarwa kusan sau 31, ita ta fi kowa wahalar sha'ani, shi ya sa wasu masu ƙera jita suke tsawaita ma'aunin daga inci 34 zuwa 35 saboda ita.

Mu koma kan muryar nan ɗaya da ke mutuwa a firet ɗaya. A jitoci masu yawa tana tsakanin firet na 5 da na 7 a tsirkiyar G. Za ka ji ta fara lafiya, amma kafin ka ƙirga biyu jikinta ya zube, ya bar wani siririn amo a sama. Dalili shi ne wuyan jitar yana da muryar da shi ma yake amsawa, idan ka kaɗa ta sai ya karkaɗa tare da tsirkiyar ya shanye ƙarfinta. Helmut Fleischer, wani masani a Jamus, ya auna wannan a jitocin lantarki ya nuna cewa a inda wuya ya fi motsi a nan murya ta fi saurin mutuwa. Kana iya tabbatarwa da kanka: ka jingina kan jitar da katakon ƙofa, ka kaɗa muryar. Idan ta daɗe tana amo, shi ne. Ƙara wa kan jitar nauyi, ko sauya maɗaurai zuwa marasa nauyi, yana gusar da matacciyar muryar zuwa wani firet, bai cika kawar da ita ba. Ni a ganina abin da ya fi shi ne ka san inda take, idan waƙa na buƙatar doguwar C ko D, ka ɗauke ta a firet na 10 ko na 12 a tsirkiyar D.

Hannu shi ne wanda ba a son a ji an zarga, amma sau da yawa yana da kaso. Ka lura da yatsunka a hankali. Idan ka kaɗa G, yatsa yana ratsa ta ya sauka a kan D. Idan ka kaɗa E, babu tsirkiyar da za ta tare shi, sai ya wuce da duk ƙarfinsa. Wanda kuma ya kafe babban yatsansa a kan fikof ba ya motsa shi, yana kaɗa E da tsokar yatsa yana danna ta ciki wajen maganaɗisu, amma kafin ya miƙa zuwa G hannun ya buɗe, bakin yatsa kawai ke taɓa ta, yana jan ta gefe. Fikof ya fi jin motsin da ke zuwa wajensa ya koma fiye da na gefe da gefe, don haka bambancin yana ninkuwa. Maganin shi ne babban yatsa ya riƙa bin hannu, ya sauka kan E idan kana A ko D, ya sauka kan A idan kana G, yadda kusurwar yatsu za ta zama ɗaya a ko'ina. Ka miƙa wa wani makaɗi jitarka ya kaɗa kana saurare daga nesa. Idan a hannunsa ta daidaita, ka san inda aikin yake. Ƙara buɗe amfilifaya a kuma sassauta hannu yana taimakawa ƙwarai, don mai kaɗawa da ƙarfin tsiya ba shi da sauran wurin da zai ƙara wa tsirkiyar da ta yi rauni.

Kwamfiresa tana da amfani, ban musa ba, kusan duk bes ɗin da kake ji a faifai ya bi ta cikinta. Aikinta shi ne ta danne duk abin da ya haura wani mataki, don tazarar da ke tsakanin mai ƙarfi da mai rauni ta ragu. A kan jitar da aka saita, matsi na 3 bisa 1 ko 4 bisa 1, yana rage desibel (ma'aunin ƙara) 3 zuwa 6 a kan muryoyi masu ƙarfi, ya isa ya goge ɗan abin da ya saura. Amma idan E ta fi G ƙara nesa ba kusa ba, kwamfiresar E kaɗai za ta riƙa shaƙewa tana barin G, sai ka sami tsirkiyoyi biyu masu ƙara ɗaya da hali daban, ɗaya a matse ɗaya a sake, ga kuma shuuu ɗin waya da ta ɗago tare da su.

Idan ka kai inda kunnenka ya gamsu, ka sake ɗaukar rula ka auna tazarar kowane ɓangare na fikof, ka rubuta ka ajiye a cikin jakar jitar tare da kaurin tsirkiyoyin da ke kai. Ranar da ka sauya irin tsirkiya, daga masu nikel zuwa na bakin ƙarfe mara tsatsa, ko daga masu kaushi zuwa masu santsi, ka sake gwajin murya ɗaya a wurare uku, domin kowane iri da yadda maganaɗisu ke jin sa, kuma mai yiwuwa ɓangare ɗaya zai nemi ƙarin rabin juyi.